3.4 Kumburin Kafasita da Matsalar Sauya Tsofaffin Kwamfutoci a Kamba

A wannan fasali za a dubi dalilin mutuwar tsofaffin kwamfutoci a shagunan buga takardu na Kamba, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Dandi, da abin da ke hana masu su rabuwa da su. Da yawa daga cikinsu na hannu ne, irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano.

Kafasita, wadda masu gyaran rediyo ke kira kwandensa, 'yar ƙaramar gwangwani ce da ke bisa babban allon kwamfuta, tana daidaita wutar da ke shiga ƙwaƙwalwar na'urar. Daga shekarar 1999 wasu masana'antu a Taiwan suka yi ta ƙera ta da gurɓataccen ruwan sinadari, wanda ke tara iskar haidurojin a ciki har kanta ya kumbura ko ya tsage. Daga nan sai kwamfuta ta riƙa daskarewa, ko ta kashe kanta ana tsakiyar aiki. A shekarar 2005 kamfanin Dell ya ware kimanin dala miliyan 300, mafi yawansu don gyaran samfurin OptiPlex masu irin wannan ciwo. Zafi ma yana da hannu, domin ƙarin digiri 10 kan rage rabin rayuwar kafasita, ga shi kuwa a watan Afirilu zafin Kamba kan wuce digiri 40.

Mai karatu zai iya cewa a sayi sabuwa mana. To, a nan gizo ke saƙar. Tsohuwar firinta mai allura, wadda ke buga rasit mai kwafi biyu ko uku a lokaci guda, tana haɗuwa da kwamfuta ne ta faffaɗar kafa mai rami 25, sababbin kwamfutoci kuwa akasarinsu ba su da ita. Akwai wayar da ke mayar da ita USB, amma tsofaffin manhajojin DOS ba kasafai suke gane ta ba. Haka kuma Microsoft ya daina kula da Windows XP tun 2014. Ke nan wanda ya sauya kwamfuta yana iya rasa firinta da manhajar lissafinsa gaba ɗaya.

A ra'ayin mai wannan bincike, muddin ba a haɗa na'urar da intanet, gyara ya fi. Mai gyara zai narkar da dalma ya cire kumburarrun, ya sa sababbi masu awo ɗaya da ke jure digiri 105, yana lura kada ya juya ƙafafunsu, domin wadda aka juya fashewa take yi.