Shekarar da Korona Ta Rufe Mana Makarantu

A watan Maris na 2020 gwamnonin Arewa maso Yamma suka ba da umarnin rufe makarantu saboda cutar korona. Da fari kwana 30 aka ce. Sai ga shi yawancin yara ba su koma aji ba sai wajen Oktoba. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare aka fara mayarwa, a watan Agusta, domin jarrabawar WAEC da aka ɗage.

An ce yara su ci gaba da karatu a gida ta rediyo da talabijin da intanet. A birnin Sakkwato wasu sun samu hali. Amma a ƙauyukan Tambuwal da Kebbe sai ka tarar gida mai yara shida rediyo ɗaya gare shi, na maigida, batir kuma saye ake yi. Babbar waya ba kowa ke da ita ba, mai ita ma sai ya biya kuɗin caji a shago. Ga shi rediyo ba ya jin tambayar yaro. In lissafi ya cushe masa, uwar da ba ta yi boko ba me za ta ce?

Ana nan damina ta sauka. Uba ya ga saurayi zaune ga noman gero na jira, ya miƙa masa fartanya. Ba mu ga laifinsa ba. 'Yan mata suka ɗauki talla, wasu aka yi musu aure.

Da aka buɗe, dole mu malamai muka koma kan darussan da muka riga muka wuce. Wasu kujerun 'yan mata kuwa har shekara ta ƙare ba wadda ta dawo ta zauna.