Kantunan Kano da Ƙwaron da Ya Biyo Haja

Kano ba ta bakin teku, amma tun da layin dogo ya haɗa cinikinta da Ikko a 1912 ta zama tamkar tashar jiragen ruwa a kan tudu. Kamfanonin Turawa irin su John Holt da Niger Company suka buɗe kantuna, Kwarori kuma suka zauna a Fagge, inda Kantin Kwari ya samo sunansa. A nan ake sayar da gishiri da kananzir da akoko da ashana. Manomin Birnin Kudu ko Gwaram da kuɗin gyaɗa yake sayen waɗannan, bayan ya ware na haraji. Teloli da 'yan dako da masu jakuna duk suka sami abin yi.

Sai dai ba haja kaɗai fatauci yake kawowa ba. Ƙwaron khapra, wanda asalinsa Indiya ne, buhuna yake bi daga ƙasa zuwa ƙasa. Tsutsarsa ce mai ɓarna. Tana son zafi da bushewa, kuma takan lafe cikin tsagar bango fiye da shekara ba ta ci komai ba. A ƙarshen shekarun 1940, da jiragen ƙasa suka kasa kwashe dalar gyaɗa da wuri, ƙwaron ya yaɗu cikin buhunan, har aka riƙa lulluɓe dalar da tamfol ana turara ta da magani.