Shehu Abdullahi

Shehu Abdullahi (an haife shi a ranar 12 ga watan Maris, 1993, a Sakkwato) ƙwararren ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne ɗan Najeriya, wanda ke buga baya ta ɓangaren dama, wato lamba biyu, yana kuma buga tsakiya a matsayin mai tare wa 'yan baya. Ya yi suna ne a Kano Pillars, daga nan ya taka leda a Kuwait da Fotugal da Cyprus da Turkiyya da Bulgeriya, kafin ya dawo Kano. Yana cikin tawagar Najeriya da ta ci lambar tagulla a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya kuma buga gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha da gasar cin kofin nahiyar Afirka ta 2019 a Masar. A takardun FIFA da jaridun waje akan juya sunan a rubuta Abdullahi Shehu.

Kano Pillars

Shehu ya taso a Sakkwato, amma a Kano aka fara saninsa. Zamansa a Kano Pillars, daga wajen 2012 zuwa 2014, ya zo daidai da lokacin da ƙungiyar take kan ganiyarta, domin ta ɗauki kofin gasar Firimiyar Najeriya sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014, bayan wanda ta fara ci a 2008. A wancan zamani ba kasafai baƙo yake fita da maki daga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba. Kirarin "Sai Masu Gida" ba a bakin 'yan birni kaɗai yake ba: magoya baya kan shigo daga Bichi da Dambatta da Minjibir da ƙauyukan da ke kewaye da su ranar wasa, waɗanda ba su samu zuwa ba kuma su bi sharhi a rediyo. Ya yi wasa tare da Rabi'u Ali da Gambo Mohammed, waɗanda su ne fuskar ƙungiyar a lokacin.

Ɗan wasan da ya saba da taron Ƙofar Mata, da tafiyar mota ta yini guda zuwa Aba ko Fatakwal, da filayen da ƙwallo ba ta gudu daidai a kansu, yakan fita da juriya da sanin inda zai tsaya. Waɗannan su ne abubuwan da masu horarwa suka riƙa nema a wurin Shehu daga baya, ba yanka ko yawan cin ƙwallo ba.

Wasa a ƙasashen waje

A 2014 ya koma Qadsia, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin Kuwait. Bai daɗe a can ba. A 2015 ya shiga Turai ta hanyar União da Madeira, ƙaramar ƙungiya a tsibirin Madeira wadda ta hau babbar gasar Fotugal a shekarar. Kaka ɗaya ƙungiyar ta yi ta sake faɗowa a 2016, shi kuma ya wuce Cyprus.

A Cyprus ya sa hannu da Anorthosis Famagusta. Ƙungiyar tana ɗauke da sunan garin Famagusta, amma tun rabuwar tsibirin a 1974 take buga wasanninta na gida a Larnaca. A zamansa na nan ne ya samu gindin zama a Super Eagles. A watan Janairun 2018, watanni kaɗan kafin gasar kofin duniya, ya koma Bursaspor ta Turkiyya, inda ya tarar da abokin wasansa na tawagar ƙasa, William Troost-Ekong. Bursaspor ta taɓa cin gasar Turkiyya a 2010, amma lokacin da Shehu ya je ta riga ta fara tangal-tangal, kuma a 2019 ta faɗa rukuni na biyu. Wannan shi ne karo na biyu da ƙungiyar da yake ciki ta faɗi a Turai.

A 2020 ya sake komawa Cyprus, wannan karon Omonia ta birnin Nicosia, ƙarƙashin koci Henning Berg, tsohon ɗan bayan Manchester United da Norway. Nan ne ya fi samun kofuna a waje. Omonia ta buga wasannin rukuni na gasar Europa a kakar 2020/21 tare da PSV da Granada da PAOK, ta kuma ci gasar Cyprus a wannan kakar, karon farko tun 2010. A 2022 ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasar, lokacin Neil Lennon ya karɓi ƙungiyar. A wannan shekarar Shehu ya koma Levski Sofia ta Bulgeriya, inda ya yi ɗan gajeren zama.

Tawagogin matasa da gasar CHAN

Ya wakilci Najeriya a gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Turkiyya a 2013, ƙarƙashin John Obuh. Flying Eagles ta fito daga rukuni, amma Uruguay ta cire ta da ci 2-1 a zagayen 'yan 16, a wasan da aka ba Shehu jan kati.

A farkon 2014 Stephen Keshi ya tafi da shi Afirka ta Kudu gasar CHAN, wadda 'yan wasan da ke buga gasar cikin gida kaɗai ake yarda su shiga. A wannan gasar ne Maroko ta zura wa Najeriya ƙwallo uku kafin hutun rabin lokaci a wasan kwata fainal, sannan Najeriya ta farke duka ta ci 4-3 bayan ƙarin lokaci. Ghana ta cire ta da bugun fenareti a wasan kusa da na ƙarshe, ta kuma doke Zimbabwe da ci 1-0 ta zo ta uku.

Olamfik ta 2016

Ƙa'idar gasar ƙwallon maza ta Rio ita ce ɗan wasa ya kasance an haife shi daga 1 ga Janairun 1993 zuwa sama, ban da mutum uku da aka yarda su wuce shekarun. Da watanni biyu da 'yan kwanaki Shehu ya tsallake wannan iyaka. Samson Siasia ne koci, John Obi Mikel kuma kyaftin.

Tafiyar ta fara da rikici. Tawagar ta maƙale a Atlanta ta Amurka saboda matsalar jirgi da kuɗi, ba ta sauka a Manaus ba sai sa'o'i kaɗan kafin wasanta na farko da Japan. Duk da haka ta ci 5-4, Oghenekaro Etebo ya zura huɗu. Ta doke Sweden 1-0, Kolombiya ta ci ta 2-0, ta cire Denmark da 2-0 a kwata fainal, sannan Jamus ta tare ta da 2-0. A ranar 20 ga Agusta, a Belo Horizonte, ta doke Honduras 3-2 ta karɓi tagulla. Sadiq Umar ya ci biyu, Aminu Umar ya ci ɗaya. Wannan ita ce lamba ɗaya tak da Najeriya ta samo a dukan wasannin Rio. Shehu ne ya riƙe lamba biyu a tawagar, kuma daga nan aka fara kallonsa a matsayin maganin gurbin da ya daɗe yana damun Super Eagles.

Neman gurbin kofin duniya na 2018

Gernot Rohr ya karɓi Super Eagles a 2016 ya tarar da ita a rukuni mai zafi, tare da Aljeriya da Kamaru da Zambiya. A rabi na biyu na wasannin, layin bayansa ya zauna a kan mutum huɗu: Shehu a dama, Troost-Ekong da Leon Balogun a tsakiya, Elderson Echiejile a hagu. Da wannan layin Najeriya ta lallasa Kamaru, mai riƙe da kofin Afirka a lokacin, da ci 4-0 a Uyo ranar 1 ga Satumban 2017, ta kuma yi kunnen doki 1-1 da ita a Yaoundé bayan kwana uku.

Wasan da aka fi tunawa da shi a kai shi ne na Zambiya a Uyo, ranar 7 ga Oktoban 2017. Najeriya na neman nasara ta tabbatar da tikitin Rasha, Zambiya kuma ta hana ta sakat, har ta zura ƙwallo a rabin farko alƙalin wasa ya soke ta da cewa an yi satar gida. Wajen minti na 74, Shehu ya haura ta gefen dama ya karɓi ƙwallo daga Victor Moses, ya kai kusa da layin ƙarshe, ya maido ta baya a ƙasa, Alex Iwobi da ya shigo canji ya buga ta cikin raga. Aka tashi 1-0, Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta samu gurbi a gasar. Wannan maido da ƙwallon aikin mutumin da ya san tsakiya ne: bai ɗaga ta sama cikin dogayen 'yan baya ba, ya duba inda mai shigowa yake.

Batun wasan Aljeriya

A wannan wasa na Zambiya aka ba Shehu katin gargaɗi. Ashe yana da wani tun wasan share fage da Swaziland a watan Nuwamban 2015, zamanin Sunday Oliseh. Dokar FIFA ita ce katin gargaɗi biyu a wasanni daban-daban na neman gurbi suna jawo dakatarwar wasa ɗaya, kuma tazarar kusan shekara biyu ba ta goge katin farko. Bai kamata ya buga wasan ƙarshe da Aljeriya ba, amma aka saka shi a Constantine ranar 10 ga Nuwamban 2017, aka tashi 1-1.

A watan Disamba FIFA ta soke sakamakon, ta ba Aljeriya nasara da 3-0, ta ci tarar hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, kuɗin Switzerland 6,000. Makin Najeriya ya sauka daga 14 zuwa 13. Da yake Zambiya da ke biye tana da 8, tikitin bai taɓu ba. Da a ce gurbin ya rataya a kan wannan wasa, da maki ɗayan nan ya isa ya hana ƙasar zuwa Rasha. Lissafin kati aikin ofis ne, na ma'aikatan tawaga da na hukuma, ba na ɗan wasa ba, kuma FIFA hukumar ta hukunta. Sai dai sunan Shehu ne ya fito a kanun labarai.

Rasha da Masar

Yana cikin 'yan wasa 23 da Rohr ya tafi da su Rasha. Ya fara wasan farko da Croatia a Kaliningrad ranar 16 ga Yunin 2018, wanda Najeriya ta sha kashi 2-0, ɗaya Etebo ya ci gida, ɗaya fenaretin Luka Modrić. Bayan wannan wasa Rohr ya sauya tsari, ya koma 'yan baya uku a tsakiya, ya shigo da Kenneth Omeruo, ya maido da Victor Moses baya ya riƙe dukan gefen dama. A sabon tsarin babu lamba biyu irin ta da, don haka Shehu ya koma benci. Da shi Najeriya ta doke Iceland 2-0 a Volgograd, Ahmed Musa ya ci duka biyun, sannan Ajantina ta cire ta da 2-1 a Saint Petersburg.

A gasar kofin Afirka ta 2019 ma shi ya fara a dama a wasan farko, da Burundi a Iskandariyya, amma ya ji rauni tun kafin hutun rabin lokaci aka cire shi. Chidozie Awaziem, wanda asalinsa ɗan bayan tsakiya ne, ya maye gurbin ya kuma riƙe shi a sauran manyan wasannin. Najeriya ta zo ta uku bayan ta doke Tunisiya 1-0. Daga wannan lokaci Ola Aina da Awaziem suka fi samun gurbin, kiran Shehu ya ragu.

Salon wasa

Shehu ba irin 'yan bayan gefe ba ne masu gudu kamar iska da ke wuni a gidan abokan hamayya. Ƙarfinsa yana wajen tare hanya, da karɓe ƙwallo ba tare da hayaniya ba, da miƙa ta ga na kusa. A ƙungiyoyinsa an sha saka shi a tsakiya, a tawagar ƙasa kuma aka fi buƙatarsa a dama. Iya buga wuri fiye da ɗaya ya sa koci ba ya son barinsa a gida lokacin gasa, domin mutum ɗaya ne ke toshe gurbi biyu. Shi ne kuma ya sa yake da sauƙin ajiyewa: a tsakiya akwai Mikel da Ogenyi Onazi da Wilfred Ndidi a gabansa, a dama kuma da zarar an so mai kai hari sosai sai a nemi wani.

Dawowa Kano

Bayan barinsa Bulgeriya ya dawo Kano Pillars. Ƙungiyar da ya tarar ba ta 2013 ba ce, domin ta faɗi daga gasar Firimiya a 2022 ta sake hawowa a 2023. A kakar 2024/25 ya buga mata tare da Ahmed Musa, wanda shi ma ya dawo gida a watan Oktoban 2024, da kuma Rabi'u Ali da har lokacin yake taka leda. A 2025 gwamnatin jihar Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar.