Revueflex E: Kyamarar Tarayyar Sobiyet da ta ci kasuwa da sunan aro

Duk da cewa wayar hannu ta mamaye harkar ɗaukar hoto, kyamarori masu amfani da fim suna sake samun masoya. A 2018 kamfanin Kodak ya dawo da fim ɗinsa na Ektachrome, sannan a 2024 aka fitar da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17. Wannan ya ƙara wa masu tara tsofaffin kyamarori ƙaimi, kuma darasin farko da suke koya shi ne: sunan da ke goshin kyamara ba lallai ne ya zama na wanda ya ƙera ta ba.

Revueflex E misali ce. Wanda ya ga sunan zai ɗauka ƙirar Jamus ce, alhali kuwa Zenit E ce, wadda masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk, kusa da Mosko, ta fara ƙerawa a 1965. Kamfanin Foto-Quelle na Jamus ta Yamma, wanda a lokacin yake sayar da kaya ta hanyar aika wa masu saye har gida, shi ne ya riƙa saro ta yana liƙa mata sunansa. A Birtaniya ma shagunan Dixons sun sayar da ita da sunan Prinzflex 500E.

Cinikin ya yi wa kowa daɗi a zamanin Yaƙin Cacar Baka: Sobiyet ta samu kuɗaɗen waje, 'yan kasuwar Yamma kuma suka samu kaya mai araha. An ƙera Zenit E fiye da miliyan 3.

Abin da ke cikinta

Kyamarar nau'in SLR ce, wato akwai madubi a cikinta da ke nuna wa mai ɗauka abin da gilashin gaba yake gani. Jikinta ƙarfe ne mai nauyi, tana cin fim mai faɗin milimita 35, kuma ba ta buƙatar batir ko kaɗan. Hatta ma'aunin haskenta da sinadarin selenium yake aiki, wanda ke samar da lantarki idan haske ya sauka a kansa.

Labulen da ke buɗewa haske ya shiga na ƙyalle ne, kuma gudunsa biyar ne kacal, daga kashi 1 cikin 30 na daƙiƙa zuwa 1 cikin 500. Ramin leƙawa ba ya nuna dukan hoton, don haka abin da zai fito bayan wanki ya fi abin da ido ya gani faɗi.

Yawancinsu suna da mazaunin gilashi mai zare da ake kira M42, wanda ke karɓar gilasan Pentax da Praktica na zamanin. Wasu suna zuwa da gilashin Helios-44-2 mai milimita 58, wanda aka kwaikwaya daga Biotar na Carl Zeiss. Yadda yake murɗa bayan hoto kamar guguwa ya sa masu kyamarorin zamani ke nemansa, har wani kan sayi kyamarar don gilashin kawai.

Kafin a biya kuɗi

Tun da an ƙera ta da yawa, sunan Jamus bai mayar da ita abin da ba a samu ba, kuma bai kamata ya zama dalilin tsawwala farashi ba. Lafiyarta ce abin dubawa.

Masu tarawa kan buɗe bayanta su haska labulen da tocila, domin tsohon ƙyalle kan yi ƙananan huji da ke ɓata fim. Sukan duba ko allurar ma'aunin haske tana motsi, saboda selenium yana rauni da tsufa. Sukan kuma leƙa cikin gilashin ko danshi ya haifar da fumfuna.

Akwai riba a sanin asalinta: idan wani abu ya lalace, kayan gyaran Zenit E za su shiga Revueflex E daidai, domin uwa ɗaya ta haife su.