Yadda na koyi sauya muryar jita da kayan tsohuwar rediyo

Ranar da na fara haɗa fedal ɗin jita da hannuna, abin da ya fito daga lasifika wani gurnani ne kamar janareta za ta mutu. Abokan ɗakina suka yi ta dariya, ɗaya ma ya ce in koma wa kyamara da makirufo da aka turo ni karanta. Gaskiya na ji kunya, amma ban ajiye ba.

Ga wanda bai sani ba, fedal wani ɗan akwati ne da ake jonawa tsakanin jita mai lantarki da amfilifaya. Makaɗi ya taka shi da ƙafa, muryar jitar ta canja, ta yi kauri ko kaushi. Na kanti daga waje ake shigo da su, kuɗinsu kuma dala yake bi, ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi.

Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne labarin Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, kuma a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008. Na ce to, in an yi jita da wayar keke, me zai hana ni haɗa fedal?

Na fara da tsarin Fuzz Face, wanda ya fito a Landan a 1966, Jimi Hendrix kuma ya yi suna da shi. Cikinsa ba wani tarkace mai yawa: transisto 2, rezisto 4, kafasito 3, maɓallan murɗawa 2, sai batir mai bolt 9. Na ciro transisto irin na jameniyom daga wata tsohuwar rediyon gidanmu, sauran na saya a layin masu kayan lantarki. Gurnanin farko kuwa laifina ne: na liƙa ƙafafun transisto ɗaya a baibai.

Da na gyara, da daddare sautin ya fito tsaf. Washegari da azahar, cikin zafin Afrilu, sai ya riƙa yankewa. Na kwasa na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya ɗora mitarsa, ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, kayanka lafiya lau suke, zafi ne. Irin wannan transisto ba ya shiri da rana."

Haka abin yake. Jameniyom na ƙara yoyon lantarki idan ya ɗumama, sai daidaiton da'irar ya goce. Mafita biyu ce. Ko ka cire rezisto mai 8.2k ka sa wanda ake murɗawa, ka riƙa daidaitawa har mita ta nuna kusan bolt 4.5 a ƙafar kolekta ta transisto na biyu. Ko ka koma na silikon kamar BC108, wanda ya fi jure zafi. Amma a kula, yawancin na jameniyom PNP ne, BC108 kuwa NPN, don haka dole ka juya batir da kafasito masu kai da gindi.

Daga nan ne wasan ya fara daɗi. Kafasiton ƙofar shiga mai 2.2 maikrofarad ne. Ka sa ƙarami, kaurin sautin ya ragu, jitar ta fito sarai a cikin ganguna. A wasu fedal kamar Tube Screamer, dayod ne ke aske kan sauti. Na silikon yana fara aiki a kusan bolt 0.6, jan LED kuwa sai kusan 1.8, shi ya sa in ka musanya su sautin ke ƙara ƙarfi da sakewa.

Dokar da na koya da wahala: canja abu ɗaya tak, ka saurara, ka naɗa a waya, ka rubuta, sannan ka taɓa na gaba. In ka canja uku lokaci guda, ba za ka san wanne ya gyara ba, wanne ya ɓata. Kuma ka gwada a allon gwaji kafin ka narka dalma.

Gargaɗi ɗaya: batir mai bolt 9 ba zai yi maka illa ba, amma cikin amfilifaya da ake jonawa a bango akwai wutar da ke kisa, ko bayan an zare shi. Wannan ka bar wa masu sana'ar.

Fedal ɗina yanzu yana cikin gwangwanin alawa, ba shi da kyan gani. Wanda ya fi kowa dariya a ɗakinmu kuwa, shi ne ya fara roƙon in haɗa wa ƙaninsa.