Kulob Ɗin Toronto: Nasara A Fili, Karaya A Baitulmali

Malaman da ke kula da 'yan ƙwallon makarantu a Funtuwa da Malumfashi da Karfi sun san wuyar samun motar da za ta kai yara wasa garin da bai fi mil 20 ba. To, ga labarin waɗansu da suka ɗauki alkawarin ƙetare teku, tafiyar fiye da mil 3,000, domin wasa.

Wasan zari-ruga iri biyu ne. A cikin 1895 ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ɓalle a garin Huddersfield, don 'yan wasansu leburori ne na haƙar kwal da masaƙu, suna neman a biya su ladan ranar aikin da suka rasa. Irin nasu shi ake yi da mutum 13 kowane gefe, kuma can arewacin Ingila ya fi karɓuwa.

A cikin 2016 aka kafa kulob mai suna Toronto Wolfpack a ƙasar Kanada, ya nemi shiga gasar Ingila. Aka yarda, amma da sharaɗi: duk ƙungiyar da za ta zo Toronto, shi zai ɗauki nauyin jirginta da masaukinta. Ko da ya hau babban aji kuwa, ba shi da rabo cikin kuɗin talabijin da ake raba wa sauran. Mu a ganinmu, duk akawun da ya taɓa riƙe littafin shiga da fita zai girgiza kai tun daga nan. Giɓin kuwa mutum guda ke cikewa, watau David Argyle, attajirin ma'adinai mutumin Ostareliya.

A fili dai ba a ga kasawarsu ba. Suka cinye aji na uku a 2017. A 2018 London Broncos ta tare musu hanya da ci 4 da 2, amma a 2019 suka ka da Featherstone Rovers 24 da 6, gaban mutum kusan 10,000 a filin Lamport, suka hau babban aji. Sa'an nan suka ɗauko shahararren ɗan wasan nan Sonny Bill Williams da kuɗi mai tsoka.

Shekarar 2020 ta zo musu da baya. Suka sha kashi a wasanni 6 na farko, dukkansu a Ingila, don sanyin Kanada ba ya barin a yi wasa a farkon shekara. Sai ga annobar korona, aka rufe iyakoki, kuɗin ƙofa ya yanke. Ran 20 ga Yuli suka janye, 'yan wasa na bin bashin albashin watanni.

Cikin Nuwamba suka nemi komawa, aka jefa ƙuri'a, 8 suka ƙi, 4 suka yarda. Aka ba Leigh gurbinsu, alhali mutanen Toronto ba su taɓa ganin kulob ɗinsu ya yi ko wasa guda na babban aji a gida ba.