Masu gina shafukan intanet a Nijar: yadda farashi mai rahusa ke kashe shafi bayan shekara guda

A Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, samun matashin da zai gina wa mutum shafin intanet cikin mako biyu ba wuya ba ne yanzu. Makarantu masu zaman kansu, ƙungiyoyi, dillalan motoci da masu sayar da atamfa duk suna neman nasu, wasu kuma 'yan uwansu da ke ƙasashen waje ne ke biyan kuɗin aikin. Matsalar takan ɓullo ne bayan wata goma sha biyu, ranar da aka latsa adireshin aka tarar shafin ya ɓace. Daga nan sai zargi: mai shafi ya ce an cuce shi, wanda ya gina ya ce ba a biya kuɗin sabuntawa ba. Galibi tushen rikicin yana cikin farashin da aka yi ciniki a kai tun ranar farko.

Yawancin waɗannan matasa da WordPress suke aiki, manhajar da Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, wadda a yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke tafiya a kanta. Akwai kuma Drupal da ta fito a 2001, da Joomla ta 2005. Amfaninsu shi ne mai shafi zai iya sa labari, hoto ko farashin kaya da kansa, ba sai ya iya rubuta lambobin kwamfuta ba. Dukansu kyauta ne, shi ya sa masu ba da aiki da dama ke ɗauka cewa shafin gaba ɗaya bai kamata ya yi tsada ba.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ake haya duk shekara. Na farko sunan shafin, kamar wanda ke ƙarewa da .com ko .ne na Nijar. Sunan .com kan kama dalar Amurka 10 zuwa 15 a shekara. Na biyu masauki, wato sabar da ke ajiye shafin dare da rana. Kamfanonin da aka fi haya wurinsu suna Turai ko Amurka, da katin banki ake biyan su, kuma Yuro ɗaya sefa 655.957 ne.

Ga misalin lissafi. A ce matashi ya karɓi aiki a kan jika 75. Masaukin Yuro 5 a wata ya zama Yuro 60 a shekara, kusan jika 39. Sunan shafi ya ci kamar jika 8. Abin da ya rage masa jika 28 ne na aikin mako biyu, ga kuɗin data, ga yinin da ya yi asara saboda ɗaukewar wuta. Idan shekara ta zagayo, jika 47 ɗin nan za su sake dawowa, kuma in ba a faɗa wa mai shafi tun farko ba, zai ga kamar ana son a sayar masa da abu ɗaya sau biyu.

Don haka hanyar da ta fi kare kowa ita ce a raba farashi gida uku a rubuce: kuɗin gini da ake biya sau ɗaya, kuɗin haya na shekara, da kuɗin kulawa na wata. A rubuta yawan shafukan da za a yi, yawan gyaran da aka amince da shi kafin a fara cajin ƙari, da wanda zai kawo rubutu da hotuna. Shafin gabatar da makaranta mai fuska biyar ba farashinsa ɗaya da kantin intanet na WooCommerce ba, musamman in ana son haɗa shi da biyan kuɗi ta waya kamar Airtel Money. A kuma karɓi kafin alƙalami, ko da rabin kuɗin ne, domin kada mai gini ya sayi masauki da aljihunsa sannan mai aiki ya sauya ra'ayi.

Kuɗin kulawa shi ne wanda aka fi ƙin biya, alhali shi ke riƙe da ran shafi. WordPress da ƙananan manhajojin da ake liƙa mata suna buƙatar sabuntawa a kai a kai, domin ta tsofaffin ne masu kutse suka fi shiga. Wasu masu gini, don rage kashe kuɗi, kan sauko da kwafin sata na manhajojin da ake sayarwa, waɗanda sau da yawa ke zuwa da ƙofar ɓoye a ciki. Ajiye kwafin shafi a wani wuri daban ma aiki ne. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wata cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVH a Strasbourg na Faransa, kuma wasu da ba su da kwafi a waje suka rasa shafukansu baki ɗaya.

Ga masu ba da aiki, musamman 'yan ci-rani da ke biya daga nesa, tambaya mafi muhimmanci ita ce: da sunan wa aka yi rajistar sunan shafin? In da imel ɗin mai gini aka yi, to ranar da aka ɓata ko ya yi tafiya, shafin ya tafi da shi. Ya kamata rajistar ta kasance da sunan mai shafi, a miƙa masa kalmomin sirri ranar da ya cika kuɗi, a kuma rubuta masa ranar da hayar za ta ƙare. Wanda ke waje da katin banki zai iya biyan hayar kai tsaye, ya bar wa matashin gida aikin gini da kulawa.

Matasan da ke fitowa daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ta André Salifou a Damagaram ko Abdou Moumouni a Yamai suna shiga kasuwar da amana ke da tsada a cikinta. Duk shafin da ya mutu bayan shekara guda yana sa ɗan kasuwa ya koma Facebook da WhatsApp, ya kuma gaya wa maƙwabcinsa cewa shafin intanet asarar kuɗi ne. Wanda ya karya farashi don ya samu aikin yau, shi da abokan sana'arsa ne za su rasa na baɗi.